MAGANIN CIWON SUKARI DA TSOKAR SHANU: ABIN DA YA KAMATA MAI KIWO YA SANI



A ƙasarmu ta Zazzau, da wuya ka shiga gidan manomi ba ka ga sa ko rago a turke ba. Shi ne bankin talaka. Da shi a ke biyan kuɗin makarantar yara, da shi a ke sayen taki in damina ta kawo kai, da shi kuma a ke fita kunyar biki. Saboda haka kowa yana so dabbarsa ta yi nama da sauri. Wannan son saurin ya sa waɗansu sun fara ɗirka wa dabbobi magungunan da aka yi domin mutane, suna jin cewa kowace ƙwaya ta asibiti tana sa ƙiba.

A wannan fitowa za mu dubi magani guda, watau metformin, wanda masu ciwon sukari su ke sha. Masana sun daɗe suna binciken abin da ya ke yi wa tsoka. Abin da suka gano zai koya mana yadda nama ya ke tsirowa a jikin sa, da inda ya kamata mu zuba kuɗinmu.

YADDA TSOKA TA KE

In ka dafa nama ya nuna sarai, ka yage shi da hannu, za ka ga yana rabuwa sili-sili kamar igiyar rama. Kowane silin da idonka ya gani dami ne na waɗansu zarurruka masu yawa, waɗanda ba a ganinsu sai da madubin likita. Su ne zaren tsoka.

Ga abin mamaki. Ba a turke a ke ƙera zaren nan ba, a cikin uwa a ke ƙera su. Saniya ta kan yi wata 9 da 'yan kwanaki da ciki. Daga wata na 2 zuwa na 7 ne a ke yin mafi yawan zaren tsokar maraƙi. In an haife shi, lissafi ya rufe. Ba zai ƙara yawan zare ba, sai dai waɗanda ya zo da su su yi kauri su yi tsawo. Watau maraƙin da ya zo duniya da zare kaɗan, kome dusar da ka ba shi daga baya, ba zai kamo ɗan'uwansa da ya zo da zare mai yawa ba.

To, yaya zaren ya ke yin kauri? A nan ne labarin ya yi daɗi. A shekara ta 1961 wani masani mai suna Alexander Mauro, a birnin New York na Amurka, ya duba tsokar kwaɗo da madubi mai ƙarfi ƙwarai. Sai ya ga waɗansu 'yan ƙananan ƙwayoyin halitta maƙale a jikin zaren, a ƙarƙashin fatarsa, suna kwance shiru ba su aikin kome. Daga baya aka tarar akwai irinsu a jikin ɓera, da kaza, da sa, da mutum.

Bari mu kira su ƙwayoyin iri na tsoka, gama aikinsu daidai ya ke da na irin dawa da manomi ya ke ɓoyewa a rumbu. Suna barci har ran da bukata ta zo. In dabba tana girma, ko ta yi aiki mai ƙarfi kamar huɗa, ko ta ji rauni, sai su farka. Ɗaya ta rabu biyu, biyu su zama huɗu, har su yi yawa. Sa'an nan mafi yawansu su shige cikin zaren su haɗe da shi, zaren ya sami ƙarfin yin kauri. Kaɗan kuwa su koma barci, su zama irin baɗi. Ƙaramar dabba tana da su da yawa, tsohuwa kuwa kaɗan. Shi ya sa ɗan bijimi ya ke yin tsoka a turke, tsohon sa kuwa yawanci kitse ya ke tarawa.

Yau masana suna iya ɗebo ƙwayoyin nan daga jikin sa da allura, su rene su cikin faranti. A shekara ta 2013, a birnin Landan, an soya naman da aka rene ta wannan hanya, an ci a gaban jama'a. Mark Post na Jami'ar Maastricht ta ƙasar Holan ne ya rene shi daga ƙwayoyin iri na tsokar shanu. Tun daga nan masu bincike suka ƙara ƙwazo wajen neman sanin abin da ke ta da ƙwayoyin nan da abin da ke kwantar da su. Metformin yana cikin magungunan da a ke gwadawa a kan ƙwayoyin tsoka.

ASALIN MAGANIN

Maganin nan yana da tsohon zumunci da dabbobi. A ƙasashen Turai akwai wata ciyawa dangin wake mai suna galega. Mutanen dā sun ɗauka tana ƙara wa awaki da shanu nono, masu maganin gargajiya kuma su kan ba da ita ga mai yawan fitsari da ƙishirwa. A 1891 aka kai ta jihar Utah ta Amurka domin ta zama abincin dabbobi. Ashe tana da dafi, tana kashe tumaki in sun ci da yawa. Har yau hukumar ƙasar tana lissafta ta cikin mugayen ciyayi.

Amma cikin dafin nan akwai abin da ke rage sukarin jini. A 1922 waɗansu masana biyu a birnin Dublin, Emil Werner da James Bell, suka haɗa wani ɗan'uwan abin nan a ɗakin gwaji, shi ne metformin. A lokacin ne kuma aka fara yi wa mutane allurar insulin a birnin Toronto na Kanada, saboda haka aka manta da shi shekaru da yawa. Sai a 1957 wani likitan Faransa, Jean Sterne, ya gwada shi a kan masu ciwon sukari, ya ga yana aiki. Aka sa masa sunan kasuwa Glucophage, ma'anarsa mai cin sukari. Ingila ta karɓe shi a 1958, Amurka kuwa sai a 1994. Yanzu yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, shi ne kuma likitoci su kan fara ba wa babban mutum mai ciwon sukari.

ABIN DA YA KE YI A JIKI

Aikinsa biyu ya kamata mu riƙe.

Na fari, yana hana hanta zuba sukari da yawa cikin jini. Hantar mai ciwon sukari ta kan yi ta ƙera sukari ko ba a bukata. Maganin ya kan ja mata linzami.

Na biyu, yana taɓa wani abu da ke cikin kowace ƙwayar halitta, wanda masana su ke kira AMPK. A 2001 aka bayyana wannan. Ku ɗauki AMPK kamar maigida mai riƙe da mabuɗin rumbu. In ya leƙa ya ga hatsi ya yi ƙasa, sai ya kafa doka a gida: ba gini bana, ba biki, kowa ya tsuke bakin aljihu. Haka AMPK ya ke yi in ƙarfi ya ragu a cikin ƙwaya. Ya kan tsai da aikin gini, ya sa a ƙone abin da aka tara. Metformin yana rage wa ƙwaya wutar da ta ke samu kaɗan, har maigidan nan ya zaci yunwa ta shigo, ko da rumbu cike ya ke.

Ga mai ciwon sukari wannan alheri ne, gama damuwarsa ita ce abu ya yi yawa a jini. Amma ƙwayar iri ta tsoka fa? Rabuwa da yawaita aikin gini ne. In an ce a dakata da gini, ita ma sai ta dakata.

ABIN DA GWAJI YA NUNA

A 2019 masu bincike a birnin Rum na Italiya suka ba da labarin gwajinsu a kan ɓeraye. Sun ga metformin yana jinkirta farkawar ƙwayoyin iri na tsoka, yana riƙe su cikin barci, har gyaran tsokar da ta ji rauni ya yi nawa.

A shekarar nan kuma jami'o'i biyu na Amurka, a jihohin Kentucky da Alabama, suka ba da sakamakon gwajin da suka yi da dattawa 'yan shekara 65 zuwa sama, marasa ciwon sukari. Dukansu sun yi mako 14 suna ɗaga ƙarfe. An ba waɗansu metformin, waɗansu kuwa ƙwayar da ba magani a ciki. Da aka auna, waɗanda ba su sha maganin ba sun fi ƙara tsoka.

Akwai ɗaya gefen kuma. A 2011, a Jami'ar Wyoming, an gwada shi a kan 'ya'yan ɓerayen da uwayensu suka yi mugunyar ƙiba, aka ga ya taimaki tsokarsu. Wannan bai saɓa wa na farko ba. Inda abinci ya yi wa jiki yawa har ya ɓata tsari, maganin ya kan gyara. Inda a ke neman girma, ya kan ja baya. Har wa yau, barcin da ya ke sa ƙwayoyin iri yana da nasa amfani ga masu bincike, gama ƙwayar da ba ta farka ba, ba ta ƙare ba, kamar irin da ba a taɓa ba a rumbu.

Sai mu lura da abu guda. Yawan maganin da a ke zuba wa ƙwayoyi cikin faranti sau da yawa ya ninka abin da ke jinin mai shansa nesa ba kusa ba. Faranti kuma ba shi da hanta, ba shi da tumbi. Saboda haka in kun ji a rediyo ko a wayar hannu cewa wani magani ya yi kaza ga ƙwayoyin sa a ɗakin gwaji, kada ku ɗauka an ce a ba sa. Tsakanin faranti da turke akwai tafiya mai nisa.

SANIYA BA MUTUM BA CE

Yanzu mu dawo garke. Tsarin AMPK da ƙwayoyin iri yana jikin sa kamar yadda ya ke jikin ɓera da mutum. Amma wajen sukari, sa ya sha bamban da mu ƙwarai.

In ka ci tuwo, cikinka ya kan mai da shi sukari, ya shiga jini kai tsaye. Sa kuwa in ya ci ciyawa, tumbinsa ta ke fara shiga, inda waɗansu ƙananan halittu dubun dubbai su ke ruɓar da ita, su mai da ita wani ruwa mai tsami. Wannan ruwan ne ya ke shiga jini. Sa'an nan hanta ta ɗauki wani kashi nasa ta ƙera sukari. Watau mafi yawan sukarin da ke jinin saniya, hantarta ce ta yi shi. Duk da haka ba shi da yawa. Lafiyayyen mutum da bai karya kumallo ba yana da miligiram 70 zuwa 100 na sukari cikin kashi ɗaya daga goma na litar jini. Babbar saniya kuwa wajen 45 zuwa 75 ta ke da shi.

Da wannan ɗan sukarin ta ke ciyad da ɗan da ke cikinta, da shi kuma ta ke yin zaƙin nono. In ya kasa, saniya mai tatsa ta kan daina cin abinci, ta rame, numfashinta ya yi wani wari. Tunkiya mai cikin tagwaye kuwa ta kan kwanta ta kasa tashi, sau da yawa ta mutu.

To, ku haɗa lissafin da kanku. Maganin da aikinsa shi ne hana hanta ƙera sukari, da gaya wa jiki a dakata da gini, me zai yi wa dabbar da hantarta ce tukunyar sukarinta, wadda kuma gini mu ke nema a jikinta? Ko a wajen mutane ma ba ya sa ƙiba, ya kan rage nauyi kaɗan ne. Metformin ba maganin turka ba ne, ba a kuwa yi shi domin shanu ba.

SAURAN ƘWAYOYIN MUTANE FA?

Dokar ɗaya ce. Akwai ƙwayar nan dexamethasone da waɗansu su ke ba dabba domin ta cika ido kafin ranar kasuwa. In an daɗe ana ba da ita, tsoka ta ke ci, ta kuma raunana ƙarfin jiki na yaƙi da cuta. Saniya mai tsohon ciki kuwa tana iya sa ta ɓari. Mai saye ya kai gida, bayan 'yan kwanaki dabba ta zube. Wannan zamba ce cikin ciniki, ba ta dace da mai tsoron Allah ba.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. A ƙasar Indiya an yi ta yi wa shanu allurar diclofenac, maganin ciwon jiki. Ungulayen da suka ci mushen shanun nan ƙodarsu ta lalace, fiye da kashi 95 cikin 100 na waɗansu irinsu suka mutu. Mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan daji suka yawaita. Sai a 2006 gwamnatin ƙasar ta hana ba dabbobi shi. Ba wanda ya yi nufin ɓarna, rashin sani ne. Mu tuna kuma, abin da ka ba dabba yana iya saura cikin nama da nono, ya ƙare a cikin 'ya'yanka da na maƙwabcinka.

INDA YA KAMATA KUƊINMU YA TAFI

Babban darasin binciken nan shi ne, abin da maganin ya ke yi da dabara, rani yana yi wa shanunmu kyauta kowace shekara. Yunwa ce ainihin abin da ke ta da maigidan nan AMPK. Daga Nuwamba zuwa Afrilu ciyawa ta kan bushe, abin gina jiki da ke cikinta ya faɗi ƙasa da kashi 7 cikin 100, wanda shi ne mafi ƙanƙantar abin da halittun tumbi su ke bukata domin su yi aikinsu sosai. Sa ya cika ciki da kara, amma jikinsa yana jin yunwa.

Ga misali. Saniyar da ta ɗauki ciki a watan Agusta za ta haihu wajen Mayu. Watanninta na 2 zuwa 7, lokacin ƙera zaren tsoka, sun faɗa tsakanin Oktoba da Maris, watau galibinsu cikin rani. Watannin ƙarshe kuma, sa'ad da maraƙi ya ke tara yawancin nauyinsa, sun faɗa cikin bazara, lokacin da abinci ya fi wuya. In ba a taimake ta ba, an riga an rage kuɗin san da za a kai kasuwar Giwa ko Anchau bayan shekara uku, tun ba a haife shi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga shawarwarinmu:

1. Ku tara harawar gyaɗa da ta wake tun da kaka, ku ɗora a kan rumfa ko ku sa a inuwa, kada rana da raɓa su cinye amfaninta. Kowar wake ma kada a zubar.

2. In abinci bai isa garke duka ba, saniya mai ciki da mai shayarwa su ne na fari, sa'an nan maruƙa. Babban sa yana iya ramewa da rani ya mayar da damina. Ɗan da ke ciki ba shi da wannan dama.

3. Ku haɗa dusa da ƙuli-ƙulin gyaɗa ko na angurya. Ƙulin gyaɗa yana da abin gina jiki fiye da kashi 40 cikin 100, saboda haka kaɗan ma yana taimakon tumbi ya narka busasshen kara. A fara da kaɗan, a riƙa ƙarawa a hankali.

4. Kada a rasa ruwa mai tsabta, da gishirin lasa ko kanwa.

5. Kafin a ɗaure sa a turke, a nemi malamin dabbobi ya ba shi maganin tsutsar ciki da na hanta, a kuma cire kaska. In ba haka ba, tsutsa ka ke kiwo.

6. In nama ka ke nema, zaɓi ɗan bijimi mai ƙashi da faɗin ƙirji wanda bai gama girma ba, ko Bunaji ne ko Bokolo. Kwana 90 zuwa 120 na kiwo mai kyau ya isa. In ya wuce haka, sau da yawa abinci ya kan cinye riba.

7. Masu fili su keɓe wani yanki domin shuka abincin dabbobi. A shekarun 1980 an gwada wannan tare da makiyaya a wajen Kachia da Kurmin Biri, inda aka killace wajen hekta 4 aka shuka ciyawar sitailo domin shanu su ci da rani. Waken lablab ma yana yi a ƙasarmu.

Mu a nan mun yi sa'a, gama masana suna ƙofar gidanmu. Gonar dabbobi ta Shika tana nan tun 1928, a 1976 kuma ta zama cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa duka, a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Akwai kuma asibitin dabbobi na jami'ar a Samaru. Tambaya ba ta da tsada kamar mushe. Ƙungiyoyin manoma na ikilisiyoyi suna iya haɗa kuɗin mota su aiki mutum biyu, su dawo su koya wa saura.

KALMA GA MASU CIWON SUKARI

Kada wani ya karanta wannan ya ce zai bar shan maganinsa domin kada tsokarsa ta ragu. Sam, ba haka ba ne. Sukarin da aka bari ya hau yana cin tsoka, yana kashe ido da ƙoda, yana sa gyambon da ba ya warkewa har a yanke ƙafa. Wannan ya fi ɗan jinkirin tsoka nesa. Ku ci gaba da sha yadda likita ya ce, bayan cin abinci domin kada ya dami ciki. Ku riƙa motsa jiki, ku riƙa zuwa awo a asibitin St. Luke na Wusasa ko wanda ya fi kusa da ku. Mai ciwon ƙoda ya gaya wa likita kafin ya fara sha. Wanda ya yi shekaru yana sha kuma ya roƙa a duba masa jini, gama maganin ya kan rage bitamin B12. Ku ajiye shi inda yara da awaki ba za su kai ba, kada kuma ku ba kowa aro.

Allah ya danƙa dabbobin nan a hannunmu amana ne. Shi ya sa wa kowace tsoka irinta a ɓoye, namu aikin shi ne mu kawo abinci da ruwa a kan kari, mu yi haƙuri, mu kuma yi gaskiya ranar ciniki. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa, Kirista ko Musulmi, manomi ko Bafillace, gama rani bai san bambanci ba.

Allah ya albarkaci garkenku, ya ba mu damina mai albarka. Amin.

Daga Malamin Gona, Wusasa.